Maki 3.8 ko 3.3? Yadda na bi diddigin 'yar girgizar da ta tashe mu tsakar dare

Ƙarfe goma sha biyu da minti arba'in na dare abin ya faru. Na riƙe lokacin ne don ban riga na yi barci ba, ina kwance ina latsa waya, mai ɗakina kuwa tuni ta yi nisa. Sai na ji wani irin "dum" daga ƙarƙashi, kamar babbar mota ta yi baya ta daki ginin. Kafin in yunƙura gado ya kaɗa, gilashin taga ya ɗauki ƙara, kofin da ke kan tebur ya shiga bugun farantinsa. Duka-duka bai wuce daƙiƙa huɗu ba, sai tsit. Ta farka a firgice tana cewa, "Maigida, wa ke buga ƙofa?" Na ce babu kowa. Na haska sama, na ga fankar silin, wadda a kashe take, tana lilo a hankali. Ba don fankar nan ba da na ce mafarki na yi ido biyu. A hawa na uku muke haya, don haka muka suri yara muka runtuma ƙasa ta matakala cikin duhu. A tsakar gida muka tarar da mutanen saman bene cirko-cirko da kayan barci, amma maƙwabcinmu na hawan ƙasa, wani dattijo, sai daga baya ya leƙo yana murza ido. Ya dube ni ya ce, "Malam, anya ba jiri ne ya ɗebe ku ba? Ni ko motsi ban ji ba."

Daga daren nan zuwa ranar da na karɓi takarda mai hatimi mako biyar ne cur, kuma yawancin wahalar rashin sani ne ya jawo mini ita. Shi ya sa zan zayyana abin daki-daki, musamman don wanda ke zaune inda ba a saba da girgizar ƙasa ba.

Muna komawa sama na shiga intanet, na buɗe shafin hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, wato USGS, don ita na saba ji a labarai. Taswira ta fito cike da ɗige-ɗige, wasu a gefen Japan, wasu a Indonesiya, wasu a Alaska, amma ɓangarenmu fes. Na yi ta sabunta shafin har ƙarfe uku. Na ɗauka tunda babu mu a taswira, to ba girgizar ƙasa ba ce. Ashe a cikin Amurka ne suke da na'urori birjik, a sauran duniya kuwa abin da suke da tabbacin kamawa daga wajen maki 4.5 ne zuwa sama, maki kuwa shi ne lambar da ke faɗin girman girgiza. Ba sakaci ba ne, nisa ne, jijjigar ƙaramar girgiza kan mutu a hanya kafin ta kai na'urar da ke nesa. Su da kansu sun ƙiyasta cewa a shekara ana yin girgizar da na'ura za ta iya kamawa kusan 500,000 a duniya, mutane kan ji wajen 100,000, masu ɓarna kuwa ba su fi 100 ba. Da na san wannan lissafin a daren da na samu barci.

A shafin na ci karo da wani sashe mai suna Did You Feel It, ma'ana ko ka ji ta, inda ake cike fom ko da girgizar ba ta fito a jeri ba. Kyauta ne, ba a neman katin shaida, minti biyar ya isa. Tambayoyin ne suka ba ni mamaki, don babu inda aka ce in faɗi maki. Ana tambaya ne ko a ciki kake ko a waje, a hawa na nawa, barci kake ko ido biyu, wasu da ke tare da kai sun ji, wani abu ya faɗo daga kanta, hoton bango ya karkace, tsayuwa ta yi maka wuya. Tsoro bai sake ni ba a lokacin, sai na zaɓi "mai tsanani" wajen bayyana jijjigar, alhali ko kofi bai faɗi ba. Na kuma rubuta sunan gari kawai, ban sa unguwa da titi ba, dalilin da ya sa wannan kuskure ne zai zo a gaba. Ga wanda dogon karatu ke ba wuya, wata cibiya da ke Faransa, EMSC, tana da manhajar waya mai suna LastQuake, zane-zane take nuna maka ka taɓa wanda ya yi kama da halin da ka shiga.

Gari na wayewa maganganu suka yi yawa. Rediyo ta ce girgiza ce mai ƙarfin maki 3.8 a ma'aunin Richter, ta kuma ambaci wani gari can nesa da mu. Da yamma wata jarida ta ce 3.5. Bayan kwana biyu hukumar da ke sa ido kan motsin ƙasa a ƙasarmu ta ce 3.3. Mutane suka ce rage lambar ake yi don a kwantar da hankali, ni ma, in faɗi gaskiya, haka na zata. Ga wani saƙo yana yawo a waya wai masana sun ce babbar tana tafe da ƙarfe uku na daren gobe. Wasu kuma suka dage cewa nakiyar masu fasa dutse ce. Ana cikin haka mai ɗakina ta kira ni ɗakin yara ta nuna mini tsaga a bango, siririya, ta taso daga kusurwar taga ta gangara kamar taƙi biyu. Shekara huɗu muna gidan ba mu taɓa lura da ita ba. Na kira mai ginin, ya ce ba zai taɓa komai ba sai na kawo takardar hukuma mai tabbatar da an yi girgiza a ranar, don kamfanin inshorarsa ba ya karɓar labarin baki. Daga nan zirga-zirga ta fara.

Na yi ta kiran lambar ofishin hukumar da ke sa ido kan motsin ƙasa ba a ɗaga ba, sai na ɗauki hutun rabin yini na je da ƙafata. Awa biyu na yi a benci. Ma'aikacin da ke karɓar takardu ya ce in rubuto wasiƙar neman tabbaci, in sa kwanan wata, lokaci, cikakken adireshi da lambar waya, in haɗa da kwafin katin shaida. Ban zo da ko ɗaya ba. Washegari na kai, aka buga hatimin karɓa a kwafina, aka ce in dawo bayan mako ɗaya. Da na dawo sai ya juyo mini da fuskar kwamfuta ya ce, "Ranka ya daɗe, duba da kanka, babu komai a rajista a wannan ranar." Na ce to ai ku kuka fitar da sanarwa. Ya ce sanarwa daban, rajista daban, shi ba zai tura wa shugabansa takarda a kan ranar da babu komai ba. Na fito raina a ɓace, ina ganin an mayar da ni mai jiri a karo na biyu.

Wani abokin aikina ne ya ce in nemi sashen nazarin ƙasa na jami'ar da ke da tashar auna girgiza. Na aika imel ban sa rai ba, sai ga amsa bayan kwana uku daga wata malama, dakta a fannin, ta ce in zo ranar da ba ta da aji. Da na ba ta labarin rajista ko minti ɗaya ba ta ɗauka ba. Ta tambayi lokacin, ta yi murmushi, ta koma baya da kwana ɗaya a jerin, sai ga girgizarmu zaune a layin ƙarshe na ranar da ta gabata. Tashoshin duniya duk da agogo ɗaya suke rubuta lokaci, wanda ake kira UTC, daidai da agogon GMT da ake ambata a rediyo, in ba haka ba babu yadda za a haɗa bayanan tashar wannan ƙasa da na waccan. Agogonmu yana gaban wancan, don haka mun riga mun shiga sabuwar rana, a rajista kuwa ba a fita daga jiya ba. Kwana goma na ɓata a kan wannan kaɗai.

Tunda na samu wadda ta sani, sai na ƙi tashi. Na ce, "Dakta, don Allah ko za a nuna mini ma'aunin Richter ɗin?" Ita da ɗalibinta suka yi dariya, ba ta raini ba. Ta ce babu wani sikeli mai wannan sunan, lissafi ne. Charles Richter ya fito da shi a 1935 a Kalifoniya, don kwatanta girgizar kudancin jihar da wata irin na'ura guda, Wood-Anderson, mai zana jijjiga a takarda. A tsarinsa, girgizar da ta sa layin zanen ya kauce da milimita 1 a na'urar da ke nisan kilomita 100 ita ce maki 3. Wato tamu, da ta fito da mu tsakar gida da kayan barci, a wancan zanen ba ta wuce milimita 2 ba. Na'urarsu ta yau tana cikin wani ɗan ɗaki bayan gini, an tona har dutse an zuba kankare, ita kanta ba ta fi tukunya ba, an kifa mata akwati don kada zafi da iska su dame ta. Ta ce in ɗan buga ƙafa sau uku. Muna komawa ofis sai ga bugun ƙafata a kwamfuta, tsini uku a jere.

Sannan ta buɗo zanen darenmu. Layi ne miƙaƙƙe yana ɗan rawa, kwatsam ya yi tsalle, ya ɗan lafa, ya sake tashi fiye da na farko, sannan ya yi ta raguwa har ya kwanta. Ta sa bakin biro a tsallen farko ta ce wannan igiyar P ce, mai turi, tana gudun wajen kilomita 6 a daƙiƙa cikin dutse, ita ce "dum" ɗin da na ji. Ta biyun igiyar S ce, mai kaɗawa gefe da gefe, gudunta wajen kilomita 3.5, ita ta kaɗa gado da fanka. Tare suke tashi daga tushe, amma ɗaya ta fi sauri, don haka tazarar da ke tsakaninsu ce ke faɗin nisa, kamar yadda ake gane nisan hadari daga tazarar walƙiya da tsawa. A ƙiyasin gaggawa, a ninka daƙiƙun tazarar sau 8 a samu kilomita. A tasharsu daƙiƙa 4 ce, wato wajen kilomita 32. Sai a zana da'irar nisa a kewayen tashoshi aƙalla uku a ga inda suka haɗu. Tamu ta haɗu ne wajen kilomita 15 daga gidanmu. Garin da rediyo ta ambata kuwa, shi ne kawai babban garin da aka sani a yankin, da shi ake kwatance.

Sai na kawo maganar da ta fi ci mini rai, wato rage lamba. Ta ce lambar farko kwamfuta ce ke fitar da ita cikin mintuna, ɗan Adam bai duba ba, daga tashoshin da bayanansu suka fara isowa. Kowace tasha tana ba da tata lambar, sai a ɗauki matsakaici. In tashoshin biyu ne ko uku, ɗaya kuma tana kan ƙasa mai taushi, lambar ta kumbura ke nan. Daga baya masani ya zauna, ya gyara inda kwamfuta ta kuskure isowar igiya, ya ƙara tashoshin da suka makara, ya cire mai hayaniya. Lamba tana iya sauka, tana iya hawa. Ta tuna mini da girgizar Japan ta watan Maris 2011, da aka fara sanar da ita a 7.9, cikin 'yan kwanaki ta koma 9.0. Ita kuma 3.5 ɗin jarida daga wata cibiya ta fito, mai amfani da wasu tashoshi da wata hanyar lissafi, don hanyoyin ba ɗaya ba ne. Lissafin Richter yana aiki ga ƙanana na kusa amma yana gazawa ga manya, shi ya sa a 1979 Thomas Hanks da Hiroo Kanamori suka fito da wanda ke duba faɗin dutsen da ya tsage da yawan zamewar da ya yi. Shi ake amfani da shi yau ga manyan girgiza, ko da 'yan jarida sun ce Richter. Bambancin 0.2 ko 0.3 tsakanin cibiyoyi ba komai ba ne a wurinsu.

Ni a zatona maki 6 ninki biyu ne na maki 3. Ina! Duk maki ɗaya da aka ƙara, tsayin zanen ya ninka sau 10, ƙarfin da ya fita daga ƙasa kuma kusan sau 32. Maki biyu, sau 1,000. Tsakanin 3.8 da 3.3 ma, ta farkon ta fi ta biyun ƙarfi fiye da sau 5. Na ce to ai gara ƙananan su riƙa zuwa suna rage nauyi kafin babba ta taru, kamar yadda mutane ke faɗa. Ta girgiza kai ta jawo takarda. Kafin a fitar da ƙarfin girgiza ɗaya mai maki 6 sai an yi masu maki 3 kusan 32,000, alhali a yadda aka lura, duk maki ɗaya da aka sauko yawansu sau 10 kawai yake ƙaruwa, wato wajen 1,000 ake samu. Ba su isa su rage abin a-zo-a-gani ba.

Sai maganar dattijo. Na ce, "Dakta, gini ɗaya muke, ni na ji kamar za a kife, shi ko motsi." Ta ce, "Malam, nan ne kusan kowa ke ruɗewa, abu biyu ake cakuɗawa." Maki yana faɗin girman abin da ya faru can a tushe, guda ɗaya ne ga kowace girgiza. Abin da mutum ya ji a inda yake kuwa tsanani ne, shi kuma kowa da nasa. Kamar ganga ce, ƙarfin hannun makaɗi ɗaya ne, amma na gabansa da na bayan katanga ba ji ɗaya suke yi ba. Tsanani daga bakin mutane da halin gine-gine ake tattara shi. Giuseppe Mercalli, ɗan Italiya, ya tsara nasa ma'aunin a 1902, aka gyara shi a Amurka a 1931, mataki 12 ne, ana rubuta su da lambobin Romawa don kada a gwama da maki. A mataki na II 'yan kaɗan ke ji, galibi waɗanda ke kwance a saman bene. Na III kamar wucewar babbar mota ne. A na IV kwanuka da tagogi su yi ƙara, wasu su farka. Sai an kai na VI ake fara ganin 'yar ɓarna kamar zubewar filasta. Mu na sama na IV muka ji, don bene samansa ya fi lilo, dattijo kuwa yana ƙasa cikin barci mai nauyi. Ƙasar da gida ke kai ma tana da nata, laka, yashi da ciko suna ƙara wa jijjiga girma. A girgizar da aka yi a ƙasar Meziko a 1985 tushen yana can bakin teku, fiye da kilomita 300 daga birnin Meziko, amma unguwannin da aka gina a kan busasshen tafki ne suka fi rushewa. Shi ya sa fom ɗin nan ke son titi da unguwa, in aka ce gari kawai an haɗa na kan dutse da na kan fadama. Zuzutawar da na yi kuwa, ta ce ana haɗa amsar mutum da ta maƙwabtansa, ɗaya ba zai ɓata taswira ba, amma in daina. Wanda ya ce bai ji ba ma ana neman amsarsa, da ita ake gane inda jijjigar ta tsaya.

Maganar nakiya da zane ɗaya ta kashe ta. Fashewa tana tura ƙasa waje ta kowace fuska, don haka tsallen farko sama yake yi a duk tashoshi. Girgiza kuwa zamewar dutse ce a kan dutse, tana turi ta wata fuska tana ja ta wata, sai layin ya fara da hawa a wannan tasha, ya fara da sauka a waccan. Tamu haka ta yi. Saƙon ƙarfe uku kuma ta ce in goge shi, babu masani ko hukuma a duniya da ke iya faɗin rana da sa'ar girgiza, iyakaci a faɗi yiwuwa. A ƙididdigar USGS, wajen kashi 6 cikin 100 ne na girgiza ke zama share fagen babba a kusa cikin kwana uku. Abin da aka fi gani shi ne 'yan rakiya, ƙanana masu biyo baya, su yi yawa a farko su ragu da sauri. Kafin in tashi sai da ta yi mini faɗa a kan matakala. In ƙasa ta motsa a durƙusa, a shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi a riƙe ƙafarsa, in a gado ake a kare kai da matashi, sai ta lafa sannan a fita in da buƙata. Gudun da muka yi da yara cikin duhu, in ji ta, ya fi girgizar kanta haɗari nesa ba kusa ba.

Na sake rubuta wasiƙa, wannan karon da lokaci biyu, namu da na UTC, kowanne da kwanan watansa. Aka ce mako biyu. Ban zauna jira ba, na nemi injiniyan gine-gine mai rajista. Shi kam biya ake yi, kuma ku daidaita tun a waya ko kuɗin ya haɗa da rubutaccen rahoto, don ni sai da na ƙara. Ya zo da 'yar guduma, tocila da fensir. Ya ƙwanƙwasa gefen tsagar, wurin ya yi amon fanko, alamar filasta ce ta rabu da bulo. Ya haska ciki ya ce, "Zo ka gani, Malam." Akwai baƙar ƙura, da saƙar gizo-gizo, da fentin da ya shige ciki tun lokacin da aka yi wa ɗakin fenti. Sabuwar tsaga fes take, bakinta da kaifi, za ka kuma ga garin siminti a daɓe. Wannan ta girmi zamanmu a gidan, mu ne ba mu taɓa duban bangon da idon tsoro ba. Ya zagaya ginshiƙai da matakala, ya buɗe ƙofofi ya rufe. Ya ce abin da ke tayar masa da hankali shi ne tsagar da ta ratsa bulo ta ɓulla ɗaya gefen, ko biyu da suka gicciye juna, ko ginshiƙin da ya fashe har rodi ya bayyana, ko ƙofar da jiya take rufuwa yau ta ƙi. Girgizar da ba ta kai maki 4 ba da wuya ta yi wa gini mai lafiya haka. Ya ja layin fensir a ƙarshen tsagar sama da ƙasa, ya rubuta kwanan wata, ya ce kada a shafe sai an ga ko za ta wuce layin cikin wata ɗaya.

Takardar hukuma ta fito a mako na biyar, bayan an ce ba a ga wasiƙata ba na zaro kwafi mai hatimi. Shafi ɗaya ce, kwanan wata, lokaci, lambobin taswira, maki 3.3, zurfi kilomita 10. Na kira Dakta na ce ashe an gano zurfin. Ta ce a'a, in ka ga 10 cif a irin wannan jerin, sau da yawa ajiye ta aka yi don tashoshin sun yi nisa da za su tantance zurfi, al'adar masu aikin ce. Takardar ba ta ce komai a kan gidanmu ba, ba kuma za ta ce ba, aikinta tabbatar da an yi girgiza ne, ba danganta ta da bangon kowa ba. Mai ginin ya karanta rahoton injiniya ya ajiye maganar inshora. Tsagar ba ta wuce fensir ba, mai filasta ya zo ya shafe. Takardar da na sha wuya a kanta tana cikin fayil, ba wanda ya sake tambayarta.

Da za a mayar da ni daren, da zarar ta lafa zan rubuta lokacin da abin da ya motsa da abin da bai motsa ba, in cike fom da gaskiya, da titi da unguwa. Zan nemi tashar da ta fi kusa da ni kafin manyan shafukan duniya, in duba ranar da ta gabata da wadda ta biyo baya, in kuma duba ko an rubuta cewa lambar ta kwamfuta ce ko masani ya tantance, ba zan riƙe kowace lamba ba sai ta kwana biyu. In akwai tsaga, injiniya zan fara kira kafin in bi takarda, da shi kaɗai ya rage mini mako huɗu. Yanzu kuma ina da hotunan bangon kowane ɗaki a waya, don kada in sake rantsuwa a kan tsagar da ta girme ni a gida.

Dakta ta ba ni nasu fom na takarda in raba wa mutanen gininmu. Na sama duk suka cike da zumuɗi. Da na kai wa dattijo nasa sai ya ture ya ce, "Ni da ban ji komai ba me zan rubuta?" Na ce, "Baba, naka ma aka fi nema." Ya sa tabarau, ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya yana cewa a'a. A ƙasa, inda aka bar fili don ƙarin bayani, ya daɗe yana tunani, sannan ya rubuta cewa shi hayaniyar mutanen sama ce ta tashe shi.